Akta da Bos: Gardamar Masu Kallo a Kan 'Yan Wasan Fim

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan Damaga ya gabatar a zaman muhawara na ƙungiyar ɗalibai)



Tilas in fara da neman gafara, domin na san akwai waɗanda za su ce abin da na ɗauko bai kai a tara mutane saboda shi ba. Ƙasa tana cikin halin da take ciki, ga tsadar abinci, ga rashin tsaro, sa'an nan wani yaro ya miƙe ya ce zai yi magana a kan 'yan fim. Ina roƙonku ku yi mini haƙuri har in kai aya. Dalilina shi ne, tun da na shigo wannan jami'a ban ga gardamar da ke cin lokacinmu a ɗakunan kwana kamar guda biyu ba, watau ta ƙwallon ƙafa da ta 'yan wasan fim. Na ga ranar da abokai biyu suka kwana ba su ce wa juna uffan ba, don ɗaya ya ce Ali Nuhu ya fi Adam A. Zango iya wasa. Abin da zai raba abokai kuwa, ko da na dare ɗaya ne, ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira.

Ni mutumin Damaga ne, a ƙasar Maradun, maƙwabciyar Talata Mafara da Bakura, cikin Jihar Zamfara. Garinmu ba garin silima ba ne, amma kallo ya daɗe da iske mu har gida. Kakanninmu sun ga majigi, wanda motar gwamnati ke yawo da shi gari gari tana nuna yadda ake noma da tsabta. A birane kuwa tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka shiga kawo fina-finan Indiya, har suka ture na kaboyi a zukatan Hausawa. Iyayenmu sun riski wannan zamani a Gusau da Sakkwato da Kano. Bayan haka aka sami bidiyo da gidajen kallo masu janareta, aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya kafu. Mu kuma da muka taso sai muka iske fim ya koma cikin waya: ka ba mai shago 'yan kuɗi kaɗan ya tura maka a memori, na Hausa ko na Indiya da Algaita ta fassara, ka kalla a ƙarƙashin bargo.

Na'urar kallo ta yi ta sakewa ke nan, amma gardamar tana nan yadda take. Mutanen Kano na da sun raɗa wa 'yan wasan Indiya sunaye irin namu. Dharmendra suka ce masa Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt suka ce masa Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa suka ce masa Mace, saboda laushinsa da yawan rawarsa. Ku lura, kowane suna daga cikin waɗannan hukunci ne aka yanke wa mutum, alhali waɗanda suka yanke shi ba su taɓa haɗuwa da shi ba, abin da ya yi a allo kawai suka gani. A bakin yaran garinmu ma har yau kowane fim mutum biyu ke gare shi, akta da bos. Akta ba ya mutuwa, bos kuwa sai a ƙarshe. To, da na saurari masu wannan gardama, a gida da makaranta, sai na ga sun kasu kashi uku, kuma ina so in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kashi na farko su ne waɗanda ba su raba ɗan wasa da matsayin da ya fito a ciki. A wurinsu wanda ya fito a mugu, mugu ne har a gidansa. Wanda ya fito a malami, in sun gamu da shi sai su nemi ya yi musu addu'a. Na sha jin mata a gidanmu suna tsine wa wata 'yar wasa don ta gallaza wa marainiya a fim, har wata ta ce ai da ganin idonta ka san haka take. Kuma lalle mata 'yan wasa sun fi maza shan wannan hukunci, domin wadda ta fito a muguwar kishiya ko a 'yar bariki sai ta daɗe tana wanke kanta a bakin jama'a, namijin da ya fito a ɓarawo kuwa gobe an manta.

Kada mu yi saurin yi wa wannan kashi dariya, domin dukkanmu muna da ɗan rabo a ciki. In na tambaye ku wane ne Usman Baba Pategi, kaɗan ne za su ɗaga hannu. In na ce Samanja Mazan Fama, kowa ya san shi. Mutumin ya rasu a Nuwamban 2023, amma sunan wasa ya daɗe da haɗiye sunan yanka. Haka Rabilu Musa, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga wasa, ya rasu a Disamban 2014: Ibro muka sani, kuma da yawa sun ɗauka yadda yake shirme a fim haka yake a zaurensa. Misalin da ya fi ba ni mamaki daga Indiya ya fito. A fim ɗin Mother India na 1957, Nargis ta fito a uwar Sunil Dutt, har ta harbe shi da hannunta a ƙarshen labarin saboda ya zama ɗan fashi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1958, suka yi aure. Su ne suka haifi Sanjay Dutt ɗin nan da Kanawa suka yi wa laƙabi. Mai kallon da bai raba wasa da gaskiya ba, ina zai kai wannan labari?

Abin da ya kamata mu tuna shi ne, Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin Bature ya kawo majigi. Da azumi ya kai kwana goma yara ke fita tashe. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya riƙe sanda, ya ranƙwafa, ya zama tsoho, a ba shi hatsi a yi dariya, kuma ba wanda ke tashi da safe ya ce masa Baba. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai, suna wa'azi a kan tuwo da miya, ba wanda ke kai musu tambayar gado. A fada ma akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu. Dalilin da ya sa ba mu ruɗewa a nan shi ne mun san yaron, mun san gidansu, mun gan shi kafin ya sa gemu, za mu kuma gan shi bayan ya cire. Ɗan fim kuwa ba mu taɓa ganinsa ba gemu ba. Don haka maganin kuskuren kashi na farko yana cikin al'adarmu, tunatarwa kawai ake bukata.

Kashi na biyu su ne 'yan ga-ni-kashe-ni. Su sun san wasa ne, amma sun riga sun zaɓi gwaninsu, kuma duk abin da ya yi daidai ne. A zamanin iyayenmu ana yin wannan tsakanin masoyan Amitabh Bachchan da na Dharmendra. A namu zamanin ana yi tsakanin masoyan Ali Nuhu da na Adam A. Zango. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu me ya burge shi a fim kaza, sai ya ce maka ai Sarki ne a ciki. Ka ce to, labarin fa? Sai ya ce kai dai ba ka son Sarki. Irin wannan mai kallo bai bambanta da ɗan siyasar da ke bin jam'iyya ko wa ta tsayar ba.

So ba laifi ba ne, masu iya magana ma sun ce so hana ganin laifi. Amma wannan irin so yana da illa, kuma wanda ake so ɗin ne ya fi cutuwa. Mai shirya fim ɗan kasuwa ne. In ya ga jama'a suna son su ga wane a ɗan sarki mai soyayya, to, haka zai yi ta fito da shi har furfura ta kama shi. In sun saba ganin wane a shirme, ba za a taɓa ba shi matsayin uba mai hankali ba, ko da kuwa ya fi kowa iyawa. Masoya su ne ke gina wa gwaninsu kurkuku, su kuma tsaya gadi a bakin ƙofa. Mun ga wani ɓangare na wannan a shirin Labarina na Aminu Saira. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, sai masu kallo suka rabu. Wasu suka ce Sumayya ta tafi tare da mai ita, ba su ko tsaya sun ga abin da sabuwar za ta yi ba. Wasu suka ce Sumayya ta marubuci ce, duk wadda ta iya ɗaukarta ta ɗauka. Na fi karkata ga na biyun, ko da yake na san sabo turken wawa ne, kuma ni ma ya ɗaure ni na 'yan makonni.

Kashi na uku mu ne, 'yan boko. Mu mun yi karatu, mun san akwai marubuci, akwai mai ba da umarni, akwai mai ɗaukar hoto. Mun san ɗan wasa ma'aikaci ne da aka ba aiki. Saboda haka tambaya ɗaya muke yi: ya iya ko bai iya ba? In ya fito a mugu ya sa gabanmu ya faɗi, sai mu tafa masa, mu ce wannan shi ne gwani. Har mukan yi alfahari da cewa mu bos muka fi so, don shi ne ke da wuyar kwaikwayo. Na daɗe ina cikin wannan kashi, ina ganin mun gama gano bakin zaren, sauran jama'a ne ke cikin duhu. Wanda ya fitar da ni daga wannan girman kai bai taɓa zama a aji ba. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma ina neman izinin shugaba in ba da labarinsa.

Sa'ad da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori a shekarun 1970, kawuna yana saurayi, ya yi aikin lebura a wurin. In an yi biya, shi da abokansa sukan shiga mota su tafi Gusau kallon silima. A nan ya ga Sholay, fim ɗin da Ramesh Sippy ya ba da umarni, ya fito a 1975, wanda aka yi shekara biyar ana nunawa a silima ɗaya a Bombay ba a sauke ba. Ga waɗanda ba su gani ba, labarin wani ƙauye ne mai suna Ramgarh, wanda wani ɗan fashi, Gabbar Singh, ya addaba daga maɓoyarsa cikin duwatsu. Wani tsohon ɗan sanda, Thakur, wanda Gabbar ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannuwa biyu, ya ɗauko hayar ɓarayi biyu, Jai da Veeru, watau Amitabh da Dharmendra, don su kamo masa shi. Amjad Khan ne ya fito a Gabbar. Tun muna yara kawu ke ba mu labarin wannan mutum. Yakan tashi tsaye ya kwaikwayi tafiyarsa, da yadda yake jan ɗamarar harsashi a ƙasa, da dariyarsa. Yakan ce Amitabh da Dharmendra 'yan rakiya ne, fim ɗin na Gabbar ne. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, domin a Indiya ma sai da kamfanin Britannia ya ɗauki Amjad Khan cikin kayan Gabbar yana tallar biskit ga yara.

A Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka tsayar da kasuwannin mako, don a matsa wa 'yan bindiga. Ba sai na tuna muku abin da ya kai ga haka ba. A Fabrairun wannan shekara aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar Kaya, a ƙasarmu ta Maradun. Ina gida a lokacin, ba makaranta, ba sabis, ba kasuwa. Amma ina da Sholay a memori, na daɗe da turo shi don in faranta wa kawu rai. Wani dare bayan sallar isha'i na kai masa a zaure, muka jingina wayar da buta, ni da shi da ƙanena.

Da farko yana ta murna, yana gaya mana abin da zai faru kafin ya faru. Sai aka zo wurin da yaran Gabbar suka shigo ƙauyen bisa dawakai, da bindigogi a kafaɗa, sun zo karɓar hatsi. Mutanen gari suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan buhunsa, kai a sunkuye, ana yi musu tsawa ana cewa abin ya yi kaɗan. Na waiga na ga kawu ya yi shiru. Can sai ya ce, “Kashe abin ga, yaro.” Na ce, “Kawu, ai kai ka ce duk duniya babu ɗan wasa kamar wannan mutum.” Ya ce, “Har gobe babu. Shi ya sa ba ni iya kallo nai.” Ya ɗauki butarsa ya shiga cikin gida.

Jama'a, kowa a ɗakin nan da ya fito daga yankinmu ya san abin da kawu ya gani. A garuruwa da yawa na Zamfara manomi ba ya shiga gonarsa sai an tara kuɗi an kai daji, in amfani ya nuna kuma sai an sake kaiwa kafin a girbe. Fim ɗin bai sake ba, wasan Amjad Khan bai ragu da ƙwayar zarra ba, mutumin ma ya rasu tun 1992. Wurin zaman kawu a cikin labarin ne ya sake. Yana saurayi da kuɗin biya a aljihu, in ya shiga silima a kan dutse yake zama kusa da Gabbar, yana jin daɗin yadda kowa ke rawar jiki. A wannan dare kuwa ya duba ya ga kansa a cikin layin masu buhu, waɗanda yawancinsu fim ɗin bai ko ba su suna ba.

Wannan shi ne abin da na zo in faɗa a daren yau. Sa'ad da muke gardama a kan ɗan wasa, mukan zaci a kansa muke magana, alhali rabin maganar a kan inda kowannenmu ya zaunar da kansa ne a cikin labarin. Matar da ke tsine wa muguwar kishiya, wataƙila ta taɓa zama da irinta. Saurayin da ba ya ganin laifin gwaninsa, kansa yake gani cikin rigar ɗan sarki. Mu 'yan boko kuma da ke tafa wa bos, muna iya yin haka ne don muna zaune a inda bos ba zai iso ba. Ashe abin da na ɗauka zurfin ilmi ne, wani ɓangarensa katangar jami'a ce da ke kare ni.

Labarin bai ƙare nan ba. Ni da ƙanena muka ƙarasa fim ɗin a ɗaki, sai ga wata sabuwar gardama. A ƙarshe Thakur ya tattake Gabbar da takalma masu ƙusa, yana gab da kashe shi sai 'yan sanda suka iso suka karɓe shi. Ƙanena ya fusata, ya ce an cuce mu, mutumin da ya yi wannan ta'asa, har ya kashe ɗan liman makaho ya aiko da gawar bisa doki, ai ba kotu ce ta dace da shi ba. Daga baya na karanta cewa masu fim ɗin ma haka suka so. A ƙarshen da suka fara ɗauka Thakur ya kashe shi, sai hukumar tace fina-finai ta Indiya ta ƙi, ta ce tsohon ɗan sanda ba zai ɗauki doka a hannunsa ba, aka sake ɗauka. A 2025, da fim ɗin ya cika shekara 50, an nuna shi da ƙarshensa na asali a birnin Bologna na Italiya. Na fahimci fushin ƙanena, ni ma na ji shi. Amma mu a Zamfara mun ga inda ramuwar gayya ke kaiwa. Mun ga yadda kisan da ba shari'a, daga kowane ɓangare ya fito, ke haifar da wani kisan, har wanda bai ji ba bai gani ba ya shiga ciki. Kun ga tambayar wa ya kamata ya hukunta bos, a wurinmu ta wuce hirar bayan kallo.

Na san za a yi mini suka, kuma gara in riga mai sukar. Za a ce fim bai taɓa mai da kowa ɗan fashi ba. Na yarda. Abin da ya jefa ƙasarmu cikin wannan hali sananne ne: rikicin gona da burtali, satar shanu, shigowar makamai, rububin zinariya, talauci, da rashin adalci ga mai ƙaramin ƙarfi in ya kai ƙara. Ko da ba a taɓa nuna fim ko ɗaya a Zamfara ba, waɗannan za su yi aikinsu. Ba na kuma kira a hana nuna mugu, domin labarin da babu mugu a ciki ƙarya ne, kuma ɗan wasan da ya fito da mugunta yadda take ya yi mana hidima. Abin da nake cewa shi ne tambayar 'yan boko, ya iya ko bai iya ba, ba ta isa ita kaɗai ba. Kawu ya amsa ta da kyau, ya ce har gobe babu kamarsa, sa'an nan ya nuna mini akwai wata a bayanta.

Don haka ina ba da shawara mu riƙa yin tambaya biyu, mu kuma san wanda za mu kai wa kowace. Ta farko ta ɗan wasa ce: ya ɗauki matsayin da aka ba shi da gaskiya, ko kuwa kansa kawai ya kawo mana cikin sabuwar riga? In ya iya, a yaba masa, ko ɓarawo ya fito, kada kuma a bi shi gida da laifin da marubuci ya ɗora masa. Ta biyu ta marubuci ce da mai ba da umarni: ina suka zaunar da mai kallo? Kusa da mai bindiga, inda za a ji daɗin ikonsa, ko kusa da wanda aka ɗora wa bindigar? Wa aka ba suna, wa aka bari a cikin taro? Wa ya ceci gari a ƙarshe, kuma ta wace hanya? Yawancin faɗan da muke yi a ɗakunan kwana ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyu, ɗaya yana amsa ta farko, ɗaya yana amsa ta biyu, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai da hankali.

Ina yi muku wannan magana ne musamman don ku ne za ku riƙe ofisoshi gobe, wasunku ma sun riga sun riƙe. Harkar fim ta daɗe da shiga hannun hukuma. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu ɗin nan da muke faɗa a kansa ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos. Wata rana wani daga cikinku zai zauna a kujerar da za a kawo masa fim a ce ya sa hannu ko ya hana. In ɗan kashi na farko ne, zai hukunta ɗan wasa a kan laifin labari. In ɗan kashi na biyu ne, zai duba fuskar wanda ke ciki ya yanke hukunci. In kuwa ɗan kashi na uku ne yadda nake a da, zai ce an iya wasa, ya sa hannu, bai tuna da mai kallo irin kawuna ba. Waɗanda ba za su zauna a irin wannan kujera ba kuma, ga wannan mujalla tamu. Mujallar Fim ta fara fitowa tun 1999, ta nuna ana iya rubuta sharhin fim da Hausa a karanta. Me zai hana mu buɗe shafi guda, duk wanda ya kalli fim ya rubuta abin da ya gani da hujjojinsa, maimakon mu ƙare a zage-zage cikin waya?

Daga ƙarshe ina da buri ɗaya da nake so in miƙa wa masu shirya fim ɗin Hausa, in har maganata za ta kai gare su. A Sholay baƙi biyu aka ɗauko haya suka ceci gari, mutanen gari kuwa aikinsu kuka da gudu. Ina jiran fim ɗin da akta a cikinsa zai zama manomin da ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin shiga gonarsa, ya dawo gida ya dubi 'ya'yansa, ya kuma tashi da asuba ya ɗauki fartanya. Wannan matsayi ya fi na Gabbar wuyar ɗauka, domin ba tsawa a cikinsa, ba dariyar ƙeta, ba doki. Ɗan wasan da ya iya shi, ko daga wane ɓangare ya fito, ni zan fara cewa shi ne gwani, kuma zan tura fim ɗin a memori in kai wa kawu a zaure in ga ko zai kalla har ƙarshe.

Shugaba, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni. Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, ga malamaina nan, ga kuma masoyan Sarki da na Zango na gani sun fara gyara zama. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gonarsa.